'Yar Fari da Lakwal ɗin Ƙetaren Gada

Jikata ce ta tono mini wannan magana, ba da gangan ba. Tana zaune a teburin cin abinci da littattafanta a baje, tana cin gyaɗa tana mita, wai malaminsu na tarihi ya ɗora musu aiki a kan Amurka. Can a kudancin ƙasar, in ji ta, an yi wani zamani da kotu ta ce a haɗa 'ya'yan baƙaƙe da na farare a makaranta ɗaya, sai gwamnonin jihohi suka yi tsalle suka dire suka ce ba da su ba, kowace jiha ita ke da iko da makarantunta, babban birni ba shi da ta cewa. Ta miƙo mini wayarta in ga hoto. Wata yarinya ce baƙa tana tafiya tsakanin ƙattin jami'ai, jama'a na gefe sun wage baki suna zagi. Jikata ta ce abin tausayi. Ni ba tausayin na fara gani ba. Rigar na fara kallo, yadda ta sha guga, da farar safa, da jakar da ke hannunta. Na ce a raina akwai wadda ta goge wannan riga da safe, kuma ba mamaki yarinya ce sa'arta, wadda aka bari a gida ba wanda ya ɗauki hotonta. Na mayar mata da wayar na ce in irin wannan labarin take nema ba sai ta haye teku ba, daga nan unguwarmu ta Minguettes motar bis za ta kai ta. Ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Garin yana nan a gefen Lyon. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da ke cikinsa yanzu ba su yi mini komai ba. A lokacin ƙaramin gari ne, mai coci da kasuwar safe da wata ƙatuwar masaƙa. Ma'aikatan da aka kwaso daga nesa an zuba su da iyalansu a bayan masaƙar, ƙetaren wata magudanar ruwa, cikin dogayen gidaje na katako da kwano da muke ce wa Bariki. Yawanci Larabawa ne 'yan Aljeriya, sai mu baƙaƙe gida kaɗan: mu 'yan wajen Maraɗi, wasu Fulanin Kamaru, da wani tsohon soja ɗan Cadi da kowa ke ce wa Baba Saja. Hausa ce ta haɗa mu. Mahaifina a sashen rini yake aiki, hannuwansa kullum shuɗi ne har wuyan hannu, ko ya wanke da sabulu don salla sai dai launin ya yi haske. Wata gadar ƙarfe ce kaɗai ta haɗa Bariki da gari, maza na haye ta zuwa aiki, mata na haye ta zuwa kasuwa, yara kuma ba su da abin da zai kai su ƙetare.

Yanzu ina zaune a bene mai tagogi masu gilashi biyu, in na rufe ko kukan mota ba na ji, kowa a gidan yana sunkuye a kan wayarsa. A Bariki kuwa da kunne ake sanin lokaci. Jiniyar masaƙa ce ke tada mu, sai takun takalman maza a kan gadar ƙarfe, sai ƙarar bokitai a gindin famfo guda da ke shayar da layinmu. In ana ruwa, kwanon rufi ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Inna na da turmi da ta taho da shi tun daga gida, ta kan shimfiɗa tsohon bargo a ƙarƙashinsa don kada dakan ya girgiza bangon maƙwabta, amma duk da haka Larabawan layinmu sun san ranar da za mu ci miyar kuka. Aikina shi ne ɗebo ruwa, da kwashe tokar murhu, da goyon ƙannena maza biyu, da tuƙa tuwon simul na garin alkama in Inna ta gaji. Ban taɓa ƙin ko ɗaya ba. Sauti guda ne yake hana ni sukuni, wato ƙararrawar lakwal ɗin gari, makarantar bokon 'ya'yan farare, wadda iska ke kawo mana daga ƙetaren gada. In ta kaɗa sai ka ji ihun yara ya yanke lokaci guda, ni kuma in tsaya da bokiti a hannu ina tunanin me ake gaya musu a ciki da ya sa suka yi shiru haka.

Mu ma muna da tamu, kada a ce ban faɗi gaskiya ba. Ɗaki ne na katako a ƙarshen Bariki, manya da ƙanana a haɗe, murhun ciki yana hayaƙi har ido ya yi ja. Malamai ba sa daɗewa, wannan ta zo ta yi sanyi ɗaya ta gudu, wata ta zo ta koma da mu farko. Mun iya waƙoƙi, mun iya saƙa da ɗinkin maɓalli, mun iya ƙirga. Ba a shirya kowa don jarrabawar wucewa gaba, don ba a sa ran wani daga cikinmu zai wuce. Ni ce nake gaba a wannan ɗaki, ba yabon kai ba ne. Na koyi karatu daga takardun jaridar da ake naɗo mana kifi a ciki, har Larabawa na kawo mini wasiƙun hukuma in karanta musu. Abin da nake so a duniya guda ne, in haye gadar nan da jaka a hannu tun shekaruna ba su wuce ba.

A gidanmu akwai wata yarinya da muke ce wa Ƙarama, don na girme ta da 'yan watanni. Ɗiyar ƙanen mahaifina ce, ubanta ya rasu a gida, aka aiko ta riƙo. Sunanta na yanka ba sai na faɗa ba, ya sha faɗa a bakin alƙalai da 'yan jarida, ya ishe shi. Tare muke kwana, tare muke ci, kuma ba ta da mugun hali, abin da ya ƙara mini wahala ke nan. Ni ce 'yar fari. 'Ya'yan yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A wajen mutanenmu na da, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban mutane. Kunya ce, kuma ana ganin ta a matsayin ado. Baba “ke” yake ce mini, in yana magana da wani ya ce “yarinyar nan”. Inna ta fi shi ma, in ina kuka a gaban baƙi sai ta kau da kai ta bar maƙwabciya ta rarrashe ni. Ƙarama kuwa sunanta ba ya sauka daga bakinsu, ita ake ɗora wa a cinya, ita ake tsakuro wa tsokar nama, don marainiya ce kuma amana. Ban taɓa ganin aibun haka ba a lokacin. Na san ana sona, irin son da ba a nunawa, kuma har alfahari nake yi da cewa ni ce wadda ake jin kunya.

Wata Lahadi da la'asar wata lauya ta zo Bariki daga Lyon, avoka muke cewa, matashiya mai gajeren gashi da takalmin da bai san taɓo ba. Aka tara maza a ƙofar Baba Saja, shi ne tafinta. Ni aka sa in kai shayi, shi ya sa na ji komai. Ta ce dokar ƙasa ba ta yarda a ware yara a wani ɗaki don iyayensu baƙi ne ba, lakwal ɗin gari ta duk yaron da ke zaune a garin ce, kuma a shirye take ta kai magajin gari gaban alƙali. Sai dai alƙali ba ya shari'a da iska, dole kowane uba ya ambaci yaran da yake ƙara dominsu. Maza da yawa suka sunkuyar da kai, suna tsoron kada masaƙa ta kore su ko a taɓa musu katin zama. Kaɗan suka yarda. Wani Balarabe ya lissafo 'ya'yansa tun daga babba har na goye, aka yi dariya. Da aka zo kan Baba, ban yi shakka ba zai yarda, don ba matsoraci ba ne. Ya gyara zama ya faɗi sunan Ƙarama, a fili, da sunan ubanta. Bai ƙara wani suna ba. Avoka ta tsaya da alƙalami tana jira.

Baba Saja ya ce, “Malam, saura hwa? Ga babbar nan tsaye da shayi.”

Baba bai dubi inda nake ba. Ya ce, “Saja, na gida ai na gida ne. In an buɗe ma guda, an buɗe ma duka.”

Na fi Baba Saja jin Faransanci nesa ba kusa ba, kuma na ji abin da ya gaya wa avoka: ya ce mata yarinya ɗaya ce. Sannan ya juya ga sauran maza yana girgiza kai, yana cewa su dubi mutum, ya sa marainiyar ɗan'uwansa gaba da tasa ta cikinsa. Aka yi ta sa wa Baba albarka. Ni ina tsaye da farantin a hannuna, kalma uku za su ishe ni in gyara maganar, amma yarinya ba ta sa baki a taron maza. Na kwashe kofuna na koma gida. Shekara da shekaru ana ba da labarin wannan karamci na Baba a Bariki, har a gabana, ni kuma in yi murmushi kamar yadda ake so.

Alƙali ya ba mu gaskiya, kuma bai ɓata lokaci ba. Magajin gari ne ya ce bai ji ba. Wani jibgegen mutum ne mai gonar inabi, da ka gan shi a kasuwa yana shafa kan yara ba za ka ce zai iya mugunta ba, kuma har ya mutu bai yarda ya yi ta ba. Cewa yake shi ba ya ƙin kowa. Lakwal ɗin nan kakanninsu suka gina, mutanen garin ke gyara rufinta, su suka zaɓe shi, ba su zaɓi alƙalin Lyon ba, ba su zaɓi masu zama a ofis a Paris ba. Kowane gari ya fi kowa sanin abin da ya dace da shi. In yau aka bar na nesa ya faɗa musu wanda zai zauna a ajinsu, gobe zai faɗa musu ranar da za su yi shuka. Ban da haka, in ji shi, ai 'ya'yan Bariki suna da tasu makarantar, an ma saya musu sabon murhu. Da maganar ba ta ci ba sai ya rufe lakwal ɗin wai ana gyaran bututu. Da aka buɗe ya ce ba kujeru. Daga baya ya gano cewa ƙasar da Bariki ke kai ta masaƙa ce, saboda haka mu ba 'yan garin ba ne, ko da yake in akuyar Fulani ta shiga lambun wani, ɗan sandan garin ne ke zuwa. Baba Saja ya kan ce in bature ya ce maka gobe, ka tambaye shi ta wace shekara. Abin da na lura da shi tun ina yarinya shi ne, wannan ikon gari da ake ta kururuwa a kansa ba a taɓa tuna shi a kan hanya ko asibiti ba, sai a kan kujerar da za mu zauna.

Da aka matsa wa magajin gari daga sama, ya ga za a iya tsige shi, sai ya ce to, ya bi umarnin alƙali. Ya bi shi kuwa daidai da abin da aka rubuta, ko ɗigo bai ƙara ba. Yaran da aka ambata a shari'ar su shigo. Sauran, in iyayensu na so, su ma su je su nemo nasu alƙalin. Ranar da labarin ya iso Bariki na ga fuskar Baba ta canza, ya shiga ɗaki bai ci tuwo ba. Ya gane ba a buɗe wa duka ba.

Ni na yi wa Ƙarama kitso ranar jajiberin shigarta. Ni na goge rigar da Inna ta ɗinka mata da dutsen guga na gawayi, na goge takalmin, na yanka mata burodi. Da safe muka raka ta da sauran yaran da aka ambata har bakin gada, su 'yan ƙalilan, jandarmomi na gaba da baya. A ƙetare mutanen gari sun taru, mata sun fi maza zafi, wata tana buga murfin tukunya. Magajin gari na tsaye a kan matakalar lakwal da ɗamararsa ta mulki mai launi uku irin na tuta, ya harɗe hannu, sai da babban jandarma ya yi masa magana a kunne sannan ya matsa gefe. Matan Bariki na kuka suna addu'a. Ni ma na yi kuka, aka ɗauka tsoro nake ji mata. Kishi ne. Ban taɓa jin abu mai zafi irinsa ba, har cikin haƙorana na ji shi. Ina kallon bayanta da kitson da na yi da hannuna yana shigewa ƙofar nan, ƙararrawa ta kaɗa, na juya na je na ɗauki bokitina.

Ba ta sha da daɗi ba, wannan na shaida. Ba wanda ke yarda ya riƙe hannunta a layi. An tofa mata yawu a abinci, an zuba mata tawada a riga, kuma ni ke wanke tawadar. Ta kan dawo idanu a kumbure ta faɗa jikin Inna, Baba ya kira sunanta a hankali yana ba ta haƙuri, maƙwabta su aiko mata da alewa. Ina daga gefe ina tuƙa tuwo ina cewa a raina ni a tofa mini, a zuba mini tawadar har kai, a dai bar ni in zauna a ciki. Har wahalar tata nake ƙyashi. Da yamma, don kirki, sai ta buɗe jakarta ta ce in zo ta nuna mini abin da aka koya musu. Yarinyar da ni na koya wa haɗa baƙi, yau ita ke gyara mini. Ina zama in koya, don ba ni da wata hanya, kuma sau da yawa na riga ta gane lissafin, amma ita ke komawa da shi a sa mata maki. Inna ta taɓa kama ni ina shinshinar littafinta, sabon littafi yana da wani ƙamshi da ba na mantawa, ta ce in ji tsoron Allah, hassada na cin lada. Na sha tambayar malamai wannan magana bayan na girma. Ban taɓa fatan a ƙwace mata ba. Nawa nake so, kuma ina ganinsa a hannunta.

Avoka ta sake shigar da ƙara don sauran yara. A wannan karon Baba takardar haihuwata ya miƙa mata, don kada ya faɗi sunana. Sai dai magajin gari ya riga ya koyi wasan. A ɗaga zama, a ɗaukaka ƙara, a ce majalisar gari za ta yi murabus gaba ɗaya, a ce a jira zaɓe. Shi bai rasa komai da jira, gonarsa na ba da inabi kowace shekara. Ni kuwa tsawo nake yi. Rigunana na gajarta, Inna ta fara sa ni ɗaura kallabi, ƙannena da na goya suka fara gudu a layi. Duk shigowar sabuwar shekarar karatu sai a ce bana ne, sai ta wuce. Ƙarama ta ci jarrabawa ta shiga kwalej, har jarida ta buga hotonta.

Yau tana Paris. Likitar yara ce, ta yi shekaru tana duba 'ya'yan mutanenmu a Goutte d'Or, duk mai sayar da atamfa da mai shagon aika kuɗi a unguwar ya san ta, in ta wuce ana Hajiya lokotoro an wuni lafiya. Ni ma na shiga lakwal daga baya, da tsintsiya da bokiti, na share azuzuwan Minguettes har gwiwoyina suka ce sun gaji. Da Ƙarama ta ajiye aiki 'ya'yanta suka haɗa mata walima, na hau jirgin ƙasa na je, ni na tsaya a kan tukwane don ba mai iya miyar Inna sai ni. Wani matashin likita ɗan Najeriya ya tashi ya yi jawabi, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce ita ce ta buɗe wa 'ya'yan baƙi ƙofa. Aka yi ta tafi. Ta baro mutane ta same ni a madafa, ta dafa kafaɗata ta ce, “Yaya, da ke aka kai, da kin hi ni.” Na ce mata, “Na sani.” Ta yi dariya, ni ma na yi, na ci gaba da zuba miya. Ina sonta, ita ta yi jinyar mijina har ya cika, kuma har gobe in na ga farar rigar aikinta a rataye sai na ji abin nan ya motsa. Mutane na tsammanin tsufa na kashe kishi. Ni nawa tare muka tsufa.

Abin da ke ba ni dariya, dariyar da ba ta daɗi ba, shi ne yadda zamani ya yi da ƙofar da aka sha wuya a kanta. Ka je lakwal ɗin unguwarmu da safe ka ƙirga 'ya'yan farare, yatsun hannu ɗaya sun yi maka yawa. Ba magajin gari a kan matakala, ba mai buga murfin tukunya. Sun kwashe 'ya'yansu a hankali sun kai makarantun kuɗi, wasu sun ari adireshin kakanni a wata unguwa, ba alƙalin da zai ce musu don me. Jikokin Ƙarama ma ba a Goutte d'Or suke karatu ba, ban dai ce komai ba. Kunyar ɗan fari kuwa ta tafi inda Bariki ya tafi. Yanzu uba ne za ka gani a ƙofar lakwal ya durƙusa yana sumbatar 'yar farinsa, yana kiran sunanta har da ƙari, in malama ta harare ta ya je ya ɗaga murya. Tsofaffi sa'o'ina na cewa an lalace, ba ta ido. In suna faɗa ina gyaɗa kai, amma in na ga irin wannan uba sai in rage tafiya in kalli yarinyar. Ita ma kishinta nake yi, 'yar da ba ta kai ƙuguna ba.

An buɗe mana dai a ƙarshe. Babbar kotu ta yanke, magajin gari ya gaji, mutanen gari ma sun gaji. Ranar ba jandarma, ba taro, sai yayyafi. Na tashi na goge rigata, karo na farko da na yi wa kaina irin wannan gugar. Ba wanda ya ce in shirya, ba kuma wanda ya hana ni. Baba bai je masaƙa ba, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya riƙe hannun ƙannena biyu, ina biye da su muka haye gada tare da yaran Bariki. Shugabar lakwal ɗin na bakin ƙofa, wata dattijuwa mai tabarau, ba ta da tsanani. Ta karɓi ƙannena ta nuna musu layi. Ni ta yi mini murmushin da ake yi wa mai rakiya, don na fi ta tsawo. Ta cikin ƙofar na hango ajin farko, da allo, da kujeru 'yan ƙanana waɗanda ko gwiwata ba su kai ba.

Baba ya nuna ni da shuɗin hannunsa, ya ce da guntun Faransancinsa, wannan ma. Ta tambayi shekaruna, na faɗa mata. Ta cire tabarau ta yi masa bayani a hankali. Nan ta ƙanana ce, na wuce ta. Kwalej kuma sai da shaidar da makarantar Bariki ba ta bayarwa. Akwai wani wuri a Lyon da ake koya wa 'yan mata ɗinki da guga. Baba ya ce alƙali ya ce duka. Ta ce haka ne, amma alƙali ba ya rage wa mutum shekaru. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Baba ya cire hularsa a gaban mace. Ya riƙe ta a ƙirji yana haɗa kalmomi, yana cewa ta gwada ni, ta ba ni kowane littafi, wai ni ce ke karanta wa Bariki wasiƙa, na fi waccan da suka karɓa. A gaban iyayen yara yake faɗa, Larabawa da Fulani na ji. Dattijuwar ta ji tausayinsa, ta ce to, ba ta yi alkawari ba, amma za ta tambaya. Mene ne sunan yarinyar?

Ya juyo ya dube ni don in amsa. Na san abin da yake roƙo, kuma a ko da yaushe ni ke amsawa in an yi irin wannan tambaya. Ranar na kulle bakina na kalli ƙasa. Sai ya faɗa. Ya faɗi sunana cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, a hankali kamar mai ɗauke da kaya. Ban taɓa sanin haka sunana yake a bakinsa ba.

Dattijuwar ta maimaita shi a karkace, ta ce suna ne mai daɗi. Ko rubutawa ba ta yi ba. Ƙararrawa ta kaɗa a saman kanmu, da ƙarfi, ba kamar yadda iska ke kawo mana ita ba. Ihun yara ya yanke, ta ce mu yi haƙuri, ta shiga ta ja ƙofa.

Muka juya, shi a gaba ni a baya, hular na hannunsa har yanzu, yayyafi na sauka a kansa. Ina jira ya sake faɗa, ko sau ɗaya, yanzu da ba kowa sai mu biyu. A tsakiyar gada ya tsaya ya mayar da hularsa. Bai juyo ba, ya ce, “Ke, yi sauri. Innarki na jiran ruwa.”